Core i7-4790 ko Core i5-8500: Wanne Ya Dace da Shagon Tace Bidiyo a Gusau?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon ɗaukar hoto da tace bidiyon biki a Gusau, ina kuma zana fosta da katin gayyata da CorelDRAW. Mai kawo mana kaya daga Kano ya nuna min kwamfutocin tebur tokumbo biyu na Dell: OptiPlex 9020 mai Core i7-4790, da OptiPlex 7060 mai Core i5-8500, kowacce da RAM 8GB. Abin da ya ɗaure min kai, mai i5 ɗin ta fi tsada, alhali na san i7 gaba yake da i5, kuma gudunsa 3.6 ne, na ɗayan 3.0. Mafi yawan rana da sola nake aiki. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗauki mai i5-8500 ko da sai ka yi ciko. Mai kayan bai cuce ka ba da ya sa mata kuɗi sama da ɗayar. Sai dai kada ka miƙa kuɗi kafin ka yi gwajin da zan bayyana a ƙasa, domin tokumbon da ƙura ta toshe, ko wadda aka sa wa RAM sanda ɗaya, tana iya cinye duk ratar da ke tsakanin furosesan nan biyu, wato i7-4790 da i5-8500, ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfutar lissafi.

Sunayen i3 da i5 da i7 matsayi ne tsakanin 'yan zubi ɗaya, wato waɗanda kamfanin Intel ya fitar a zango ɗaya. I7 na 2014 ya fi i5 na 2014, nan ƙarfin sunan ya tsaya. Abin da za ka fara dubawa shi ne lambar farko bayan ɗan layin nan. 4790 ya fara da 4, zubi na huɗu ke nan, wanda Intel ya kira Haswell, shi 4790 ɗin ya fito a 2014, an ƙera shi a kan nanomita 22. 8500 zubi na takwas ne, Coffee Lake, ya fito a Afrilun 2018 a kan nanomita 14. Kuma zubi na takwas ba kamar sauran yake ba. Daga zubi na biyu har na bakwai, i5 da i7 na kwamfutar tebur na gama-gari duk kor huɗu gare su, wato injinan lissafi huɗu a cikin furosesa ɗaya. Bayan AMD ya fito da Ryzen a 2017, sai Intel ya ƙara: i3 ya tashi daga kor biyu zuwa huɗu, i5 da i7 suka tashi daga huɗu zuwa shida. Ka ga tsohon i7 ɗin da aka nuna maka, a yawan kor, da i3 na zubi na takwas yake kafaɗa da kafaɗa.

Batun 3.6 da 3.0 kuwa, waɗannan gudun tushe ne, abin da kamfani ya yi alƙawarin furosesan ba zai gaza ba matuƙar yana samun sanyi da wuta. Idan aiki ya zo, kowanne yana ƙara wa kansa gudu. 4790 yana kai wa 4.0 GHz a kan kor ɗaya ko biyu, 3.8 idan duka huɗun na aiki. 8500 yana kai wa 4.1 a kan kor ɗaya, 3.9 idan duka shidan na aiki. A lokacin da kake buƙatarsu, kusan gudu ɗaya suke yi, har sabon ya ɗan ɗara.

Inda masu sayarwa ke rikita mutane shi ne su buɗe Task Manager su nuna maka akwatuna takwas a i7, shida a i5. Gaskiya ne 4790 yana da Hyper-Threading, kowane kor yana riƙe layin aiki biyu, 8500 ba shi da shi. Amma layi na biyu bai kai matsayin kor ba. Ka ɗauka shago ne mai tela huɗu, an ajiye wa kowanne ɗinki biyu a gabansa, in yana jiran a kawo masa zare na wannan sai ya juya kan wancan. Ba ya zaman banza, aikinsa ya ƙaru, amma hannunsa biyu ne dai kuma kekensa ɗaya. Ɗaya shagon tela shida ne, kowa da kekensa. A aikin da ke rabuwa da kyau, irin fitar da bidiyo, Hyper-Threading kan ƙara kashi 20 zuwa 30 cikin 100. Mu ɗauki 25: kor huɗu sun zama kamar biyar, sau 3.8, ya ba da 19. Shida sau 3.9 ya ba da 23.4. Ka ƙara da cewa kor ɗin zubi na takwas ya ɗan fi na Haswell yawan aiki a gudu ɗaya, sai ratar ta doshi kashi 30. Abin da alƙaluman PassMark, shafin da ke auna ƙarfin furosesa, ke nunawa ke nan: 4790 yana sama da maki 7,000 kaɗan, 8500 yana sama da 9,000. A aikace, bidiyon da tsohuwar za ta yi awa ɗaya tana fitarwa da ƙarfin furosesa kaɗai, sabuwar za ta gama shi cikin minti 45 zuwa 50.

A CorelDRAW da mafi yawan abin da ake yi a Photoshop, kor ɗaya ne ke ɗaukar nauyin, kuma a nan ratar ba ta wuce kusan kashi 10 ba. Da fosta da katin gayyata kaɗai kake yi, da wuya idonka ya bambance su.

Bidiyon shi ne ya raba gardama, kuma ba ta fuskar da mutane ke zato ba. A cikin kowane furosesan nan akwai ɓangaren hoto: HD Graphics 4600 a 4790, UHD Graphics 630 a 8500. A cikin ɓangaren hoton akwai wani ɗan inji da ake kira Quick Sync, wanda ba shi da aiki sai kwance bidiyo da ɗaure shi. Duk bidiyon da ke cikin waya ko kamara a matse yake, dole a kwance kowane hoto kafin ya bayyana a monita. In injin ya san irin matsin, yana kwance shi ba tare da kor ɗin sun ji nauyi ba. In bai san shi ba, aikin ya faɗo kan kor ɗin gaba ɗaya. Na 4790 ya ƙware a H.264, wanda shi ne ke tashe a zamaninsa. HEVC, wanda ake kuma kira H.265, ba shi da cikakken injinsa, balle mai bit 10. Na 8500 yana kwance HEVC mai bit 8 da mai bit 10, yana kwance VP9 da YouTube ke yawan amfani da shi, yana kuma ɗaure HEVC.

Duba abin da ake kawo maka a shago yanzu. Ƙawayen amarya sun ɗauki kamu da iPhone, wani ya ɗauki ɗaurin aure daga sama da jirgi marar matuƙi na DJI, an haɗa maka da abin da kamararka ta ɗauka. Tun daga iOS 11 a 2017, iPhone 7 zuwa sama da HEVC suke ɗauka in ba a canza saiti ba, kuma daga iPhone 12 ana ɗaukar HDR mai bit 10. Ka ɗora irin wannan fayil mai 4K a kan 4790, kana jan layin lokaci gaba da baya don neman inda za ka yanka, za ka ga furosesan ya haura kusan kashi 100, fanka ta ɗauki ƙara, hoton yana tsalle, murya ta yi gaba ta bar baki a baya. Ba a yankan waƙar biki daidai da kiɗa a haka. A 8500 fayil ɗin nan yana tafiya kor ɗin suna hutawa, sai ƙarfinsu ya tafi kan gyaran launi da rubutu da sauran ado. Wannan ya fi kashi 30 ɗin can muhimmanci a wajenka, domin fitar da aiki kana iya barinsa ka tafi salla ka dawo, amma yanka da jerawa kana zaune a gabansa ne.

Akwai hanyar lallaɓawa a tsohuwar: ka fara juya fayilolin zuwa H.264 da HandBrake, ko ka sa manhajar tacewar ta yi ƙananan kwafi masu sauƙi da za ka yi aiki a kansu, ko ka roƙi masu iPhone su zaɓi Most Compatible a saitin kamara kafin biki. Duk suna aiki, duk kuma suna cin lokaci da wurin ajiya, kuma ba ka da iko da wayar 'yan biki. Sabuwar ma tana da iyaka, gara ka sani tun yanzu. UHD 630 ba ya kwance AV1, ba ya kuma kwance HEVC mai 4:2:2 irin na manyan kamarori kamar Sony A7S III da Canon R5. Waɗannan sai zubi na sha ɗaya zuwa sama a kwamfutar tebur. In kana da niyyar sayen irin wannan kamara nan kusa, to duka biyun ba naka ba ne.

Furosesa ba ya zuwa shi kaɗai, da madabod ɗinsa yake tafe. 9020 tana cin DDR3-1600, iyakarta 32GB, kuma sanda biyu tare suna ba da 25.6GB a daƙiƙa. 7060 tana cin DDR4-2666, kusan 42GB a daƙiƙa. Ɓangaren hoton da ke cikin furosesa ba shi da ma'ajiyar kansa, daga RAM yake ci, shi ya sa wannan faɗin ke tasiri a bidiyo. A nan ne 8GB ɗin da aka faɗa maka ke buƙatar tambaya: sanda ɗaya ce ko biyu? In ɗaya ce, rabin waɗancan alƙaluman kake samu. Ga aikinka 8GB ma ya yi kaɗan. Nemi 16GB a sanda biyu masu 8GB, a sa su a gurabu masu maƙalli kala ɗaya. DDR3 fil 240 gare ta, DDR4 288, tsagar ƙasansu ma ba wuri ɗaya take ba, don haka RAM ɗin tsohuwar kwamfutarka ba za ta shiga sabuwar ba, kada wani ya danna da ƙarfi.

Wajen ajiya, 9020 ba ta da gurbin M.2 na SSD, iyakarta SATA, wanda ke tsayawa wajen 550MB a daƙiƙa. 7060 tana da gurbin NVMe, SSD mai sauri, da ke iya haura 3,000MB a daƙiƙa. Amma in faɗa maka gaskiya, babban tsallen daga faifai mai juyawa ne zuwa kowane irin SSD. 7060 mai tsohon faifai 500GB za ta fi 9020 mai SSD nauyin tashi da buɗe manhaja, har mutum ya rantse i7 ɗin ya fi. Yawancin masu cewa sun gwada da idonsu tsohuwar ta fi sauri, faifan suka gwada ba su sani ba.

Sai Windows. Microsoft ya daina tallafin Windows 10 na gama-gari ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 a hukumance yana buƙatar ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesan Intel daga zubi na takwas, in ka cire 'yan ƙalilan na bakwai. 8500 ya shiga, 4790 bai shiga ba. Ana tsallake shingen da manhajar Rufus, masu gyara suna yi kullum, kuma kwamfutar tana tashi. Matsalar ita ce babu tabbacin manyan sabuntawa za su riƙa zuwa da kansu, kuma masu manhajojin tace bidiyo suna janye hannu daga tsofaffin Windows da tsofaffin direbobin hoto sannu a hankali. Kwamfutar da ake shigar mata filashin mutane iri-iri kullum bai kamata ta zauna ba facin tsaro ba. Wajen ƙarin girma ma haka ne: a 9020, 4790 kusan shi ne ƙarshen hanya. A 7060 kana iya cire 8500 wata rana ka sa i7-8700 mai kor shida da layi sha biyu. Hattara da wani tarko a nan: zubi na shida da na bakwai ma LGA1151 ake kiran gurbinsu, furosesan zai zauna daram, amma ba zai tashi ba. Kada a sayar maka da OptiPlex 7040 ko 7050 a ce daga baya ka sa mata na takwas.

Ka ambaci sola. A takarda 4790 wat 84 ne, 8500 wat 65. Wannan lambar ma'aunin zafin da na'urar sanyaya za ta kwashe ne, ba ainihin abin da mita za ta nuna ba, amma tana ba da kwatance. Bambancin wat 19 a awa 8 na aiki mai nauyi ya kama 152Wh. Batir mai 12V 200Ah yana ɗauke da 2,400Wh, kuma in na ruwa ne rabi ake so a ci, 1,200Wh. Ka ga a kwamfuta ɗaya abin bai taka kara ya karya ba, ko da yake sabuwar tana kuma gama aikin da wuri ta koma hutu. Mai cibiyar jarrabawa da kwamfuta 50 shi ne lissafin zai dama. In kana son sanin gaskiyar abin da kowacce ke ja, ƙaramar mitar wat da ake sokawa a soket ta ishe ka.

Zafi ya fi batun wuta tayar min da hankali. Alƙaluman gwajin furosesa da ake gani a intanet a ɗakuna masu sanyin digiri 20 da 'yan kai ake ɗaukarsu. A Gusau daga Maris zuwa Mayu ana haura 40, shago mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi da rana tsaka. Duk digirin da ɗaki ya ƙara, furosesa ma ya ƙara shi. Dukansu biyu suna rage wa kansu gudu in sun kai wajen digiri 100 don kada su ƙone. Ga ƙurar hunturu da ta riga ta like haƙoran ƙarfen sanyaya tun Disamba, ga man sanyaya da ya bushe, na 9020 ya haura shekara goma in ba a taɓa canza shi ba. Wanda ke fitar da zafi kaɗan shi ya fi nisa da wannan iyakar.

Ga gwajin. Sa manhajojin gwaji CPU-Z da HWiNFO64 da Cinebench R23 da CrystalDiskInfo a filashi, tare da bidiyon HEVC mai 4K na minti biyu ko uku daga cikin aikinka. Kada ka yarda da sitikar gaban akwati, ko sunan da ke cikin bayanan Windows, don ana iya sauya shi. CPU-Z daga jikin furosesan yake karantawa: ka ga Coffee Lake, kor 6, layi 6. Duba harafin ƙarshe da kyau. I5-8500T wani abu ne daban, wat 35, gudunsa 2.1 zuwa 3.5, shi ake sa wa ƙananan akwatunan Micro, kuma ratarsa da 4790 ta ragu ƙwarai. Haka akwai 4790S da 4790T masu raunin gudun tushe. A shafin Memory na CPU-Z ka tabbata an rubuta Dual. Daga nan buɗe HWiNFO64 a kan Sensors, ka saki Cinebench na duka kor ya yi mintinsa goma. Minti ɗaya ba ya nuna komai, don ƙarfen bai gama ɗaukar zafi ba. 8500 mai lafiya zai tsaya kusa da 3.9, in ya ɗan sauko ba laifi. In ya faɗo ƙasa da 3.0, ko zafi ya haura 90, ko layin Thermal Throttling ya koma Yes, akwai gyara. In ka ga ya maƙale a 0.8 GHz ko ba zafi, matsalar wuta ce ko na'urar auna zafi, kuma a ƙananan Dell yawanci cajar da ba ta asali ba ce ke jawo haka. Sai ka kunna bidiyonka a kowacce kana kallon kason furosesa a Task Manager. CrystalDiskInfo zai nuna maka lafiyar faifai da awannin da ya yi yana aiki; in ya nuna Caution da ruwan ɗorawa, a canza maka. A ƙarshe sake tayar da ita ka danna F2 ka shiga BIOS, shafin saitin madabod. Yawancin kayan nan daga ofisoshin Turai da Amurka suke fitowa, wasu da makullin sirri a kai, kuma wadda aka kulle ba za ka iya canza mata saiti ba. F12 kuma yana kai ka ga gwajin Dell na kansa, wanda ke duba RAM da fanka.

In zafi ne kaɗai matsalar, gyaran mai sauƙi ne kuma dalili ne na neman ragi. Cire wuta, danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙu, kwance sukurori huɗu na ƙarfen sanyaya, hure ƙurar da bulowa kana riƙe da fankar da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima ta lalata ta. Goge tsohon man da sifirit da ƙyalle mai tsabta, ɗiga sabo girman ƙwayar wake a tsakiya, irin Arctic MX-4 ya wadatar, ka ɗaure sukurorin a gicciye kaɗan-kaɗan. Ba sai ka ɗaga furosesan daga gurbinsa ba. Fil ɗin a jikin madabod suke, siraran gaske, ɗaya ya lanƙwashe sai ka rasa gurbin RAM ko hoto gaba ɗaya. Man goge baki da wasu ke shafawa yana bushewa cikin kwanaki, kada a sa maka. A yanayinmu a hure ƙura a ƙarshen hunturu kafin bazara ta shigo, kuma a ɗora akwatin a kan tebur, kada a bar shi a ƙasa.

Akwai wanda zan ce ya ɗauki 9020: mai buga takardu da rajistar ɗalibai, ko mai tsohuwar na'urar yankan sitika ko sikana da direbanta bai wuce Windows 7 ba, domin zubi na takwas ba shi da tallafin Windows 7 a hukumance. In ratar kuɗin ta isa sayen SSD da ƙarin RAM, shi kam ya ci riba. Kai aikinka ya wuce nan.

Abin da za ka ce wa mai kayan: 7060 mai 8500 ba T ba, 16GB a sanda biyu, NVMe 512GB don Windows da aikin da ke hannu, faifai mai juyawa 1TB ko 2TB don ajiye bukukuwan da aka gama. Leƙa bayanta kafin ka baro wajen, domin 7060 da DisplayPort biyu take zuwa, VGA da HDMI sai wadda aka ƙara wa, don haka ka haɗa da kebul ko mahaɗin da ya dace da monitarka. In an ce a ƙara maka katin hoto, kada ka karɓi GT 710, bai kai UHD 630 ɗin da ke ciki ba. RX 6400 ba shi da injin ɗaure bidiyo. Wanda ya dace shi ne GTX 1650 gajere marar buƙatar kebul ɗin wuta, mai cin wat 75 daga gurbinsa, shi ma a 7060 mai babban akwati ya fi kwanciyar hankali, don na'urar wutar siririn akwatin wat 200 ce kuma mahaɗinta na Dell ne, ba a musanya ta da ta kasuwa kai tsaye. Fara aiki ba katin tukuna, in ka ga gyaran launi na jan ƙafa sannan ka saya.